Amsar kwaikwayo: Yadda ake gwada manhajar da ke kula da kwamfutocin bankuna da ma'aikatu

A farkon watan Mayun 2024, mambobin asusun fansho na UniSuper da ke ƙasar Ostireliya suka wayi gari ba sa iya shiga asusunsu ta intanet. Asusun, wanda aka kafa domin ma'aikatan jami'o'i, yana da mambobi sama da rabin miliyan, kuma dukiyar da yake juyawa ta haura dalar Ostireliya biliyan 100. Babu ɓarawon intanet da ya kai hari, ba a kuma yi gobara ba. Kwamfutocin da asusun ke haya a hannun kamfanin Google ne aka goge, kuma manhajar da ke kula da su ce ta goge su da kanta.

Bayanin da Google ya fitar daga baya ya nuna cewa tun a farkon 2023, lokacin da ma'aikatansa ke kafa wa asusun waɗannan kwamfutoci, sun bar gurbi guda babu komai a wata manhaja ta cikin gida. Da manhajar ta ga ba a cike gurbin ba, sai ta yanka wa'adin shekara ɗaya da kanta. Ranar da wa'adin ya cika ta share komai, ba tare da an aika wa asusun wani gargaɗi ba. Kwafin bayanan da aka adana a wani wuri dabam shi ya ceci lamarin, amma duk da haka sai da aka kusa cika mako biyu kafin al'amura su koma daidai.

Wannan lamari ya fito da wata tambaya da injiniyoyin manhaja suka daɗe suna fama da ita. Manhajar da aikinta shi ne ƙirƙirar kwamfutoci da tsayar da su da rushe su, ta yaya za a tabbatar da ingancinta ba tare da an rushe na gaske ba? Ɗaya daga cikin manyan amsoshin ita ce a haɗa ta da abokin magana na kwaikwayo, wanda zai riƙa ba ta amsoshin da aka shirya tun da farko, a zuba ido a ga yadda za ta yi.

Mece ce kwamfutar inuwa?

Manyan kwamfutocin da ke cibiyoyin ajiyar bayanai, waɗanda ake kira saba, ƙarfinsu ya wuce buƙatar aiki guda. Idan aka ware saba sukutum domin aiki ɗaya, galibin ƙarfinta a banza yake tafiya, alhali tana shan wuta dare da rana, tana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki da mai gadi. Saboda haka aka samar da manhajar da ke yanka saba guda zuwa kwamfutoci da dama. Kowace tana da rabonta na ƙarfin sarrafawa da wurin ajiya, tana da babbar manhajarta irin su Windows ko Linux, kuma tana aiki tamkar ita kaɗai ce a gidan. Ba ta da jikin da za a taɓa, shi ya sa ake iya kiran ta kwamfutar inuwa.

Abin ya yi kama da attajirin da ya gina dogon gini a kasuwa ya yanka shi shaguna. Kowane ɗan haya da ƙofarsa da makullinsa, amma rufi ɗaya ne, layin wuta ma ɗaya. Bambancin shi ne a nan ana iya fitar da sabon shago cikin minti guda, a faɗaɗa shi, a ɗauke shi da kayansa zuwa wani gini ba tare da an dakatar da ciniki ba, ko a rushe shi cikin ƙiftawar ido.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fara aiki da ita tun 1967, ya kuma fitar da ita kasuwa da sunan VM/370 a 1972. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ya kawo ta kan kwamfutocin da aka saba gani. A 2003 masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka fitar da Xen, a shekarar kuma wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fitar da QEMU. A 2006 kamfanin Amazon ya fara bayar da hayar irin waɗannan kwamfutoci ta intanet, sannan a 2007 aka shigar da KVM cikin Linux. Daga nan abin ya zama ruwan dare, har ya kai ga cewa a yau kaso mai yawa na ayyukan bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati a duniya a kan kwamfutocin inuwa suke tafiya.

Wakilin da ke riƙe da makullai

Ginin da ke da shago goma mai shi na iya kula da shi da kansa. Wanda ke da shago dubu goma kuwa dole ya naɗa wakili. A duniyar kwamfutocin inuwa, wakilin manhaja ce. Ita ke karɓar buƙata ta zaɓi sabar da ke da fili, ta ƙirƙiri sabuwar kwamfuta, ta haɗa ta da layin sadarwa, ta ɗauki kwafinta, ta ƙaurar da ita idan za a yi gyara, ta kuma share ta idan an gama da ita.

Wakilan ma hawa-hawa ne. A tsarin da ya fi yaɗuwa a kan Linux, QEMU da KVM ne ke ɗauke da kowace kwamfutar inuwa. A samansu akwai libvirt, manhajar da Daniel Veillard na kamfanin Red Hat ya fara rubutawa a 2005, wadda ke isar musu da umarni. Sama da ita kuma akwai irin su OpenStack, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kamfanin Rackspace suka ƙaddamar a 2010, mai kula da dubban sabobi a lokaci guda.

Haɗarin da ke tattare da wannan matsayi a fili yake. Kuskure a cikin kwamfutar inuwa guda yana shafar mai ita ne kawai, amma kuskuren wakili yana iya shafar duk wanda ke gidan. Ɗan kasuwar da ya tura kuɗi yana jiran alat, da ma'aikacin da ke jiran albashi a ƙarshen wata, ba su san sunan wannan manhaja ba, amma a wurare da yawa harkarsu ta hannunta take bi. A Nijeriya ma akwai cibiyoyin da ke ba da irin wannan hidima, ciki har da Galaxy Backbone, kamfanin Gwamnatin Tarayya da ke adana wa ma'aikatu da hukumomi bayanansu.

Gwajin gaɓa-gaɓa

Babbar manhaja tarin ƙananan gaɓoɓi ce, kowace da ɗan aikinta. Wata lissafa girman wurin ajiya take yi, wata fassara amsar da aka samu, wata kuma yanke hukunci kan ko a ci gaba ko a dakata. Gwajin gaɓa-gaɓa shi ne a ware gaɓa guda a jarraba ta ita kaɗai, kamar yadda bakanike ke ciro filogi ya duba ko yana ba da wuta, maimakon ya tuƙa motar har Zariya don ya gano abin da ke damun ta.

Shi kansa gwajin ɗan gajeren rubutun umarni ne mai mataki uku. Da farko a shirya yanayin da ake so, sannan a sa gaɓar ta yi aikinta, a ƙarshe a kwatanta abin da ta fitar da abin da ake tsammani. Idan sun dace gwaji ya wuce, idan sun saɓa a ga jar alama. Kent Beck, wani injiniya Ba'amurke, yana cikin waɗanda suka daidaita wannan tsari, kuma manhajar JUnit da ya rubuta tare da Erich Gamma a 1997 ta sa ya bazu a duniya.

Amfanin gwajin yana cikin maimaita shi. Manyan manhajoji suna da dubban irin waɗannan gwaje-gwaje, kuma duk lokacin da wani ya sauya ko da layi guda, na'ura ce ke sake gudanar da su gaba ɗaya. Idan gyaran da aka yi yau ya karya wani abu da ke aiki tun shekara biyar da suka wuce, a take za a gani, kafin ya kai ga masu amfani da manhajar. Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai gwajin ya kasance mai sauri, mai arha, kuma mai ba da sakamako iri ɗaya a kowane lokaci. A nan ne manhajar kula da kwamfutocin inuwa ke zuwa da matsala.

Me ya hana a gwada da na gaske?

Dalili na farko lokaci ne. Tayar da kwamfutar inuwa ta gaske na ɗaukar daƙiƙu masu yawa, wani lokaci mintuna. Gwaji dubu biyar da kowanne ke cin minti ɗaya zai haura kwana uku, kuma babu injiniyan da zai jira kwana uku bayan kowane ɗan gyara.

Na biyu kayan aiki ne. QEMU na aiki a kan na'urori iri-iri, daga na Intel da AMD zuwa na ARM da manyan injinan IBM. Masu ba da gudunmawa ga libvirt suna warwatse a ƙasashe, da yawansu da kwamfutar tafi-da-gidanka suke aiki, ba kowa ke da waɗancan injina ba.

Na uku haɗari ne, domin gwajin umarnin sharewa a kan tsarin gaske wasa da wuta ne.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne cewa matsalolin da suka fi ɓarna ba sa zuwa lokacin da ake neman su. Wurin ajiya ya cika ana tsakiyar kwafi, layin sadarwa ya yanke ana tsakiyar ƙaura, kwamfuta ta mutu daidai lokacin da ake tambayar lafiyarta. Irin wannan na iya faruwa sau ɗaya a shekara, da tsakar dare, kuma a ranar ne ake buƙatar manhajar ta yi abin da ya dace. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka dole a samu hanyar kawo wannan rana cikin ɗakin gwaji a duk lokacin da aka ga dama.

Yadda amsar kwaikwayo ke aiki

Manhajar kula da kwamfutocin inuwa ba ta ganin na'ura da idonta. Saƙo take aikawa, ta jira amsa, ta yanke hukunci bisa abin da aka ce mata. Ke nan idan aka cire na'urar gaske aka ajiye wani abu da ke amsawa da irin harshenta, manhajar ba za ta gane bambanci ba. Wasu injiniyoyi uku na Landan, Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig, sun bayyana wannan dabara a wata takarda da suka gabatar a wani taro a Italiya a 2000. A 2007 kuma Gerard Meszaros ya kamanta irin wannan madadi da mutumin da ke maye gurbin jarumin fim idan an zo wurin faɗowa daga bene.

Misalin libvirt da QEMU ya isa ya nuna yadda abin yake. Su biyun suna magana ne ta wata ƙa'ida da ake kira QMP, inda kowane saƙo gajeren rubutu ne mai tsari. Da zarar an haɗu, QEMU kan fara gabatar da kanta ta faɗi zubinta. Daga nan libvirt na iya aika umarni kamar “query-status” don tambayar halin da kwamfuta ke ciki, ko “stop” don a dakatar da ita, ko “cont” don ta ci gaba. Amsar kan zo ta ɗayan fuska biyu, ko dai an yi nasara ga sakamako, ko kuwa an samu matsala ga bayaninta. Ban da haka, QEMU kan aiko da sanarwa ba tare da an tambaye ta ba, misali idan kwamfutar ta kashe kanta.

A cikin gwaje-gwajen libvirt akwai ɗan kwaikwayon da ke zama a kujerar QEMU. Mai rubuta gwaji kan ba shi jeri, ya ce umarni na farko da za ka ji shi ne kaza, ka amsa da kaza, na biyu kaza, ka amsa da kaza. Babu kwamfutar da aka tayar, babu wurin ajiyar da aka taɓa, kuma komai na ƙarewa cikin abin da bai kai daƙiƙa ba.

A ɗauka ana son gwada gaɓar da ke dakatar da kwamfuta na ɗan lokaci don a ɗauki kwafin bayananta, sannan ta sake ta. A gwaji na farko ɗan kwaikwayo zai amsa cewa an dakatar lafiya, a duba ko gaɓar ta ɗauki kwafi ta kuma aika umarnin ci gaba. Wannan shi ne mai sauƙi. A na biyu zai amsa cewa dakatarwa ta gagara. Abin da ake so a gani shi ne gaɓar ta fasa ɗaukar kwafi ta kai rahoto, domin kwafin da aka ɗauka ana tsakiyar rubutu na iya zama gurɓatacce, kuma ba za a gane haka ba sai ranar da aka neme shi. A na uku za a bari dakatarwa ta yi nasara amma kwafin ya gaza a tsakiya, a ga ko gaɓar za ta tuna ta sake kwamfutar, ko za ta bar ta a sandare, abokan hulɗar banki na ta danna waya babu amsa.

A na huɗu ɗan kwaikwayo zai yi gum, a ga ko gaɓar za ta haƙura bayan wani lokaci ko za ta zauna jiran gawon shanu. A na biyar zai jefo sanarwar cewa kwamfutar ta mutu kafin ya ba da amsar da ake jira. A na shida zai aiko da amsa guntuwa, ko wadda aka bar wani gurbi a cikinta babu komai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yanayi na iya ɗaukar watanni bai auku ba a zahiri, amma a ɗakin gwaji ana iya maimaita su sau ɗari a yini.

Ɗan kwaikwayon kuma ba amsawa kaɗai yake yi ba, yana lura da abin da aka ce masa. Idan ana jiran umarnin dakatarwa sai ga wani umarni dabam, ko aka aika umarni biyu a inda ɗaya ake tsammani, nan take gwajin zai faɗi. Ta haka ake kama manhajar da ke samun sakamako mai kyau ta hanyar da ba ta dace ba.

Daga ina amsoshin ke fitowa?

Hanya mafi sauƙi ita ce injiniya ya rubuta su da hannunsa. Tana da sauri, kuma ita ta fi dacewa da yanayin da ba a cika samu ba. Rauninta shi ne amsar ba ta wuce iya sanin wanda ya rubuta ta.

Hanya ta biyu ita ce naɗar hirar gaske. Idan libvirt ta haɗu da QEMU, takan yi mata tambayoyi masu yawa don ta san abin da wannan zubi ke iyawa da abin da ba ya iyawa. Masu kula da libvirt kan gudanar da wannan hira da QEMU ta gaske, su adana tambayoyin da amsoshin a fayil, su ajiye shi cikin taskar gwaji. QEMU kan fitar da sabon zubi kusan sau uku a shekara, don haka taskar na ɗauke da hirarrakin zubi daban-daban a kan injina daban-daban. Injiniyan da bai taɓa ganin babban injin IBM da idonsa ba na iya tabbatar da cewa gyaransa bai ɓata wa masu irin wannan inji aiki ba.

Hanya ta uku ita ce gina cikakken gidan kwaikwayo mai tuna abin da ya gabata. A cikin libvirt akwai wani sashe na gwaji da ke nuna kamar yana da kwamfutocin inuwa, alhali lissafi ne kawai yake riƙewa na wucin gadi. Idan aka ce ya kashe wata, zai rubuta cewa a kashe take, idan aka sake cewa ya kashe ta, zai amsa cewa ai ba a kunne take ba, kamar yadda na gaske zai yi. OpenStack na da makamancinsa, wanda ake amfani da shi har wajen auna yadda tsarin zai ɗauki dubban kwamfutoci. Masu aiki da VMware na da vcsim, masu aiki da Amazon kuma na da moto.

Agogo ma ana kwaikwayonsa. Maimakon gaɓar ta duba lokaci na gaske, sai a ba ta agogon da mai gwaji ke juyawa da hannunsa, ya tura shi gaba da wata shida ko shekara guda a take. Tambayoyi biyun da lamarin UniSuper ya taso da su, wato me zai faru idan an bar gurbi babu komai, da kuma me zai faru idan shekara ta zagayo, duka irin tambayoyin da ake iya yi wa manhaja ne ta wannan hanya, matuƙar wani ya yi tunanin yin su.

Kama da wane ba ta wane

A nan ne iyakar dabarar take. Amsar kwaikwayo madubin tunanin wanda ya shirya ta ce. Idan ya fahimci na'urar gaske a karkace, zai rubuta manhaja a karkace, ya rubuta amsar kwaikwayo a karkace, su biyun su dace da juna, gwaji ya wuce lafiya ƙalau.

Babban darasi a kan haka ya fito ne daga fagen sararin samaniya. A ranar 4 ga Yunin 1996 aka harba rokar Ariane 5 ta Turai karo na farko daga Kourou, a yankin Guiana na Faransa da ke Kudancin Amurka. Cikin kimanin daƙiƙa 40 ta kauce hanya ta tarwatse, tare da taurarin ɗan Adam huɗu da take ɗauke da su. Kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa Jacques-Louis Lions ya gano cewa manhajar na'urar auna motsin rokar daga Ariane 4 aka gado ta. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin tafiya a gicciye, sai wata lamba ta zarce 32,767, iyakar abin da gurbin da aka tanadar mata ke iya ɗauka. Na'urar ta tsaya, ta ko-ta-kwana ma haka, domin manhaja ɗaya ce a cikinsu. Kwamitin ya kuma lura cewa a gwajin da aka haɗa sassan rokar kafin tashi, ba a sa na'urar gaske ba, kwaikwayonta aka yi amfani da shi. Da aka gwada manhajar gaske da bayanan tafiyar Ariane 5 bayan haɗarin, sai ta sake faɗuwa daidai yadda ta faɗi a sama.

Makamancin haka ya faru a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, abin da ya tsayar da jiragen sama ya kuma taɓa bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Rahoton kamfanin ya nuna cewa wani sashe na sa ran bayanai 21, alhali 20 ake ba shi. Bayanan da aka yi gwaji da su ba su taɓa tilasta wa manhajar ta nemi na 21 ɗin ba, don haka giɓin ya tsallake matakan bincike da dama.

Akwai kuma matsalar tsufa. Na'urar gaske kan sauya yadda take amsawa idan an sabunta ta, amma ɗan kwaikwayo na nan da tsohuwar amsarsa. Shi ya sa ake sake naɗar hirar gaske duk lokacin da sabon zubi ya fito, ake kuma gudanar da gwaji iri ɗaya a kan na kwaikwayo da na gaske lokaci-lokaci, don a ga ko har yanzu bakinsu ɗaya.

Matakan da ke biye

Saboda waɗannan dalilai, babu wani aiki na ƙwarai da ke dogara da gwajin gaɓa-gaɓa shi kaɗai. Shi ne matattakala ta farko, mai faɗi da arha, wadda ke tace galibin kurakurai cikin mintuna. A samansa akwai gwajin haɗaka, inda ake tayar da kwamfutocin inuwa na gaske a wani keɓaɓɓen wuri. A OpenStack, alal misali, akwai tarin gwaje-gwaje mai suna Tempest da ke yin haka, da kuma tsarin Zuul da ke hana gyara shiga cikin manhajar sai ya tsallake gwajin da aka gindaya. Bayan wannan sai fitarwa sannu a hankali, a fara da ƴan sabobi kaɗan a ga yadda za ta kaya kafin a game ko'ina. A can ƙarshe kuma akwai kwafin bayanai da aka ajiye nesa, domin ranar da duk matakan baya suka gaza.

Jami'in da ke zama a kwamitin bayar da kwangilar kwamfuta, ko ɗan kasuwar da zai damƙa lissafin shagonsa ga kamfanin da ke adana bayanai a intanet, ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya yi tambayar da ta dace. Yana iya neman a nuna masa shaidar cewa an gwada abin da ke faruwa idan aiki ya katse a tsakiya, domin nuna cewa komai na tafiya a ranar da babu matsala abu ne mai sauƙi. Yana iya tambaya ko akwai wani abu a tsarin da ke share bayanai da kansa, da wanda ake sanarwa kafin hakan ta faru. Yana iya tambaya ko an gwada tsarin a kan na'urorin gaske irin waɗanda za a yi aiki da su, da kuma ranar da aka yi hakan a karo na ƙarshe.

Tambaya mafi muhimmanci ta shafi kwafin ko-ta-kwana: a ina yake, wa ke riƙe da shi, kuma yaushe aka taɓa dawo da bayanai daga cikinsa don a tabbatar yana aiki? Ya kamata kwafin ya kasance a wurin da manhajar da ke kula da na asali ba ta da ikon taɓa shi, kuma a rubuta wannan sharaɗi ƙarara a cikin takardar yarjejeniya kafin a sa hannu.